Ranar da ’Yan Daba Suka Hau Mana Aji a Bata

Kwaciri, Fagge, Kano
Lahadi, 6 ga Agusta

Zuwa ga matata Yakaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Yaya jikin Hajiyarku, idon ya fara washewa tun bayan aikin? Yaya Ummi, da daminar Maiduguri? Ki shafa min kanta. Allah ya ba ki ladan jinya, ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa.

Na san saƙon da ya shigo wayarki ranar Alhamis daga baƙuwar lamba ya tayar miki da hankali, balle da kika yi ta kira ba a ba ni ba. Lambar wata ma’aikaciyar jinya ce da ta tausaya min. Ba ƙin magana da ke na yi ba. Muƙamuƙina ne ya karye, likita ya ɗaure min haƙoran sama da na ƙasa da siririn ƙarfe, ya ce ba za a kwance ba sai bayan mako shida. Kunu nake zuƙa da robar shan lemo. Wayata kuwa tana hannun waɗanda suka karya ni. Shi ya sa na koma ga takarda da biro, zan ba direban nan da ya kai ku ya kawo miki. Ki karanta ke kaɗai, kada Hajiya ta ji tukuna.

Kin san ajin nan nawa na manya, wanda nake yi bayan la’asar a saman benen kusa da shataletalen Bata idan na taso daga makaranta. Ranar Laraba mutum bakwai suka zo, saboda hadari ya haɗu. Akwai Bridget mai soya doya a bakin kasuwa. Akwai Celestine, Ibon nan mai shagon kayan lantarki da ya gyara mana fanka, wanda aka haifa a Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu ’yan unguwarmu fita. Yana da shekara arba’in da wani abu, amma ya rantse sai ya rubuta jarrabawar gama sakandare kafin ’yarsa ta rubuta. Akwai kuma Bahauddeen, telan Fagge da ya ɗinka miki atamfar sallah. Shi Turancin yake nema don mutanen Legas da ke turo masa ɗinki ta waya.

Darasin ranar shi ne yadda Bature ke faɗin aikin da ake tsakiyar yi a wani lokaci da ya wuce. Mu sai mu ce, ina cikin cin abinci sai aka ɗauke wuta. Su kuma sai su kawo was ko were, su liƙa wa aikin ing a wutsiya. Na ja musu dogon layi a allo na ce wannan shi ne aikin da ke tafiya, na datse shi da gajeren layi na ce wannan shi ne wanda ya faɗo ya katse shi. Bridget ta miƙe ta ce, “I was frying yam when my customer come.” Bahauddeen ya ce mata came ake cewa. Ta ce to, tela ya zama farfesa, gobe shi za ta biya kuɗin makaranta. Aji ya ɗauki dariya. Celestine kuma ya kafe a kan “we was”, sau uku ina gyara masa, yana cewa Bature ne bai da tsari, mutum ɗaya da mutum goma duk abu ɗaya suke yi, me ya kawo canjin kalma. Ban taɓa jin daɗin aji kamar na ranar ba, Yakaka.

Na kira Bahauddeen gaban allo ya rubuta tasa jimlar. Yana tsaye da alli a hannu muka ji ƙarar rufe ƙofofin shaguna a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da gudu, da ihun mata. Daga baya na ji cewa ’yan dabar unguwanni biyu ne suka gwabza a kan titi, da suka gama da juna sai suka juya kan wayoyin mutane. Kafin in kai ga ƙofa in sa sakata, huɗu sun hawo. Biyu da adda, ɗaya da gora, ɗaya da wuƙa. Sun rufe fuska da takunkumi, idanunsu jawur, warin abin da suka sha ya cika ɗakin. Ɗaya daga cikin masu addar ya sari teburina har ya dare, ya ce kowa ya fito da waya.

Kowa ya ajiye, har ni. Bahauddeen ne kaɗai ya riƙe tasa a aljihu. Ya ce su ji tsoron Allah, awon mutane da hotunan aikinsa na shekara uku duk suna ciki, su bar shi ya cire katin kawai. Mai wuƙar ya cakumi wuyan rigarsa, shi kuma ya riƙe masa hannu. Na yi tsalle zan shiga tsakani, sai na ji kamar an kifo min da bango a fuska. Gorar ce. Na faɗi tsakanin bencina, bakina ya cika da jini da gutsuren haƙori. Daga nan ƙasa na ga an caka wa Bahauddeen wuƙar a ƙasan haƙarƙari, ta shige har ƙota. Mai ita ya ja ba ta fito ba, sai ya sake ta, ya zaro wayar, suka sauka a guje.

Ɗalibai suka watse, wasu ta taga suka dira kan rumfa. Bridget ta tsaya tana ihu. Celestine ya durƙusa a kan Bahauddeen, ya cire rigarsa, ya zare wuƙar. Likita ya ce min da bai zare ba da ya fi, amma wa ya san wannan a irin lokacin? Jini ya yi tsartuwa har allo. Ya danna rigar a wurin da hannu ɗaya, wuƙar tana ɗaya hannun ya manta da ita, yana ta cewa Bahauddeen ya yi salati, ya yi salati.

A haka mutanen titi da suka biyo ɓarayi suka hawo suka same shi. Wani ya ce, “Ga shi nan, Inyamuri ya kashe Bahaushe!” Ba wanda ya tambayi komai. Suka ɗauki bencin da muke zama a kai suka rotsa masa a ka. Suka tattake shi, suka ja shi ta ƙafa, kansa yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Bridget tana rantsuwa ba shi ba ne, wani ya mare ta ta faɗi. Na rarrafa na kama ƙafar wani dattijo, na buɗe baki in faɗi gaskiya, ba abin da ya fito sai jini da kumfa. Ni da nake cin abinci da bakina, ranar da aka fi bukatarsa bai yi min aiki ba. Har an fara neman taya da fetur sai motar ’yan sanda ta iso suka harba barkonon tsohuwa.

Bahauddeen ya cika a cikin adaidaita sahu kafin a kai asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Celestine yana hannun hukuma, an ɗaure shi da ankwa a gadon asibiti, ana tuhumarsa da kisa.

Akwai abin da ban rubuta ba, don ban gama yarda da idona ba. Kada ki taso. Hajiya ta fi ni bukatarki, kuma garin ba daɗi. Ki sa ni a addu’a, ki gaishe da su Yaya da duk mutanen gida.

Mijinki mai begenki,
Abdulnasir

Kwaciri, Fagge, Kano
Talata, 8 ga Agusta

Yakaka tawa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kun wayi gari lafiya, ke da Ummi da Hajiya. Direba ya kawo min amsarki da garin kunun da kika aiko, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Ki daina kuka, ina samun sauƙi. Kumburin ya ragu, ina iya buɗe ido biyu.

Kin tambaye ni abin da na ɓoye. Ga shi. Na san wanda ya caka wa Bahauddeen wuƙa. Abdulhafiz ne, ɗan Inna Tasalla da muke katanga ɗaya. Da suna kokawa takunkumin ya zame, na ga fuskarsa kamar yadda nake ganin takardar nan, shi ma ya ga na gan shi. Inna Tasallar da ta kwana riƙe da hannunki ranar haihuwar Ummi, wadda tun tafiyarki take aiko min da tuwo, yanzu kuma ita ke dama min kunu tana tacewa don ya bi ta tsakanin haƙora. Kullum ta kawo sai ta tsine wa wanda ya yi min wannan aika-aika, ni kuwa in sunkuyar da kai.

Jiya Ebere, matar Celestine, ta zo har gida ta durƙusa a zaure tana roƙona in je in ba da shaida. Na bi ta ofishin ’yan sanda. Jami’in da ke riƙe da maganar ya ga ni malami ne, kuma ba na magana, sai ya turo min fayil ɗin in duba kafin in rubuta nawa. Mutum uku cikin waɗanda suka hawo benen sun ba da shaida da Hausa, shi ya mayar Turanci. Na tabbata abin da suka ce shi ne sun same shi da wuƙa a hannu. Abin da ke rubuce kuwa shi ne, “He was stabbing the deceased when we entered.” Wato suna shigowa suka tarar yana tsakiyar caka masa. Darasin da na koyar ranar ne sak, ba kuskure ko ɗaya a nahawunsa, kuma da shi za a iya rataye mutum. Na ja layi a ƙarƙashin kalmomin na rubuta a gefe cewa ba haka aka yi ba. Jami’in ya ce ba a yi masa rubutu a fayil, in rubuta nawa a wata takarda.

Na rubuta shafi biyu. Na faɗi abin da kowa yake cikin yi da abin da ya katse shi, daki-daki. Na rubuta cewa wuƙar ta riga ta shiga tun kafin Celestine ya tashi daga bencinsa, kuma lokacin da mutane suka shigo danna rauni yake yi da rigarsa. Amma da na zo inda zan sa sunan mai wuƙar, hannuna ya tsaya. Na rubuta cewa wani matashi ne mai takunkumi. Jami’in ya karanta ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shaidu uku sun ga mutum da makami, ni da Bridget kuma muna kawo wanda ba shi da suna ba shi da fuska, kuma mu biyun malaminsa ne da ’yar ajinsu. Ebere ta kalle ni a bakin ƙofa ta yi min godiya. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da na dawo na tarar da Abdulhafiz zaune a kan dakalin ƙofarmu da rana tsaka, yana fere rake da sabuwar wuƙa. Ya miƙe da ladabi ya ce, “Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne. Yaushe su Ummi za su dawo?” Ya faɗi sunanta yana kallon cikin idona. Na shige na sa sakata.

Garin kuma sai ƙara zafi yake. An jefi shagon Celestine, an fasa gilashin, maƙwabtansa sun kwashe kaya. Yara a Fagge suna yawo da hoton gawar a waya, da rubutu a ƙasa cewa Ibo ya yanka tela saboda gardamar addini. Ba wanda ya yi maganar addini a ajina. Na ji ana cewa gobe bayan addu’ar bakwai abokan marigayin za su tsallaka Sabon Gari. Kin san abin da hakan ke nufi, ke da kika taso a inda kika taso.

Tsoro nake ji, Yakaka, ba zan ɓoye miki ba. Ban taɓa sanin ni matsoraci ne haka ba. Ki roƙa min Allah ya ba ni zuciya. Ki gaida Hajiya da jiki.

Naki har kullum,
Abdulnasir

Sabon Gari, Kano
Lahadi, 13 ga Agusta

Zuwa ga Yakaka, uwar Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina fatan Hajiya ta fara ganin fuskar jikarta sosai. Za ki ga rubutuna ya karkace, hannun hagu ne a naɗe ba na iya danne takarda. Za ki kuma ga adireshin ya canza. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Ranar Laraba na je addu’ar bakwai a ƙofar gidan su Bahauddeen. Tabarmi sun cika layin. Matasa kuwa ba su zauna ba, suna tsaitsaye a bakin lungu, wasu rigunansu sun yi tudu ta baya, na ga jarkokin fetur biyu a jingine da bango. Mahaifin marigayin dattijo ne siriri, tsohon tela shi ma, idonsa a bushe. Na durƙusa gabansa na miƙa masa takardar da na rubuta da Hausa tun da safe. Ya ce ba ya karanta boko, ya miƙa wa liman. Liman ya fara karantawa a ransa, ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Malam, har da sunan?” Na gyaɗa kai.

Ya miƙe ya karanta da ƙarfi. Yadda aka hawo, yadda Bahauddeen ya roƙi a bar masa katinsa, yadda Celestine ya tuɓe riga yana tuna masa salati. Da ya zo kan sunan Abdulhafiz na Kwaciri sai wurin ya ruɗe. Wani matashi ya yo kaina yana cewa an saye ni, ya shaƙe ni har ƙarfen bakina ya yanki dasashi. Dattijon nan ya tashi da sandarsa ya buge masa hannu. Ya ce ɗansa ne aka kashe ba ɗan kowa ba, kuma duk wanda ya ƙona ko da rumfar wani da sunan Bahauddeen bai yafe ba duniya da lahira. Ya sa aka kawo jarkokin gabansa aka tuttular a kwata. Wasu sun tafi suna gunaguni, amma ba wanda ya tsallaka titi. Daga nan shi da liman suka raka ni ofishin ’yan sanda na sake rubuta shaidata, wannan karon da suna. Kafin a je kama shi, Abdulhafiz ya ɓace.

Ranar Juma’a ban je masallaci ba saboda jiri. Unguwa ta yi shiru, maza duk sun tafi. Ina kwance na ji an daki ƙofar zaure sau biyu, a na uku ta ɓalle. Su uku ne, abokansa, ko fuska ba su rufe ba. Na tashi zan shige ɗaki, na farkon ya kawo min sara a ka, na tare da hannu. Addar ta buɗe ni daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu, na ga farin ƙashi. Na faɗi a tsakar gida kusa da randa. Suka hau ni da ƙafa. Ɗaya yana cewa tunda baki ya mutu hannu ya gaje shi, to a cire hannun. Suka take min na dama a ƙasa, mai addar ya ɗaga.

Ban san ta inda Inna Tasalla ta shigo ba. Ko mayafi babu a kanta. Ta faɗo a kaina ta rufe ni da jikinta, gorar da aka kawo min ta sauka a gadon bayanta, na ji ƙarar a cikin ƙirjina. Ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na yanka da sunayen iyayensu mata, ta ce su sare ta tukuna. Matan maƙwabta suka fara kururuwa ta kan katanga, suna buga kwanoni. Yaran suka ja da baya, suka fasa randa da tagar ɗakinki, suka fita.

Ita ta yage zaninta ta ɗaure min hannu. Har ta gama ɗaurewa ba ta kalle ni ba. Da ta gama ta zauna a cikin ruwan randar da jinina, ta ce, “Malam, abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka dubi Allah. Da idonka ka gan shi?” Na so a ce ina da baki in yi mata bayani, in sassauta, in ce ƙwaya ce, in ce abokai ne. Ba ni da komai sai kai, na gyaɗa shi. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta dafa bango ta miƙe a sunkuye, ta fita.

Ɗinki goma sha tara aka yi min. Da aka sallame ni ban san inda zan nufa ba, sai ga Ebere da surukinta, mahaifin Celestine, a bakin asibiti. Tsohon ya ce akwai ɗaki a gidansu, kuma ba wanda zai neme ni a can. Nan nake yanzu. Sun share min ɗakin, sun sayo sabuwar buta da tabarma, tsohon da kansa ya tambayi wani mai shago inda gabas take ya nuna min. Ebere tana tace min kunu, ba ta iya ba, yana yin ruwa, ina shanyewa.

Kada ki ce za ki zo. Gidanmu a kulle yake, liman ya sa an gyara ƙofar. Ki rungume min Ummi sosai.

Mijinki,
Abdulnasir

Sabon Gari, Kano
Lahadi, 17 ga Satumba

Masoyiyata Yakaka,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ina gaida Hajiya, na yi murna da jin ta koma karatun Alƙur’aninta da kanta. Jiya kin ji muryata a waya karon farko, kika ce na koma magana kamar tsoho. Haƙora huɗu ne babu, kuma bakin bai gama buɗewa ba. Mun ɓata lokacin da kuka da gaishe-gaishe, ga mutane a kaina, shi ya sa na ce bari in rubuta miki sauran.

An kama Abdulhafiz kwana tara bayan abin da ya faru a gidanmu. A wani ƙauye aka same shi, a ɗakin ƙanwar kakarsa, wurin da ba wanda ya sani a Kwaciri sai mahaifiyarsa. Jami’in bai faɗa min wanda ya ba da labari ba, ni ma ban tambaya ba. An samu wayar Bahauddeen a jikinsa. Ya amsa laifinsa, ya kuma faɗi sauran ukun, biyu suna hannu. Na ba da shaida a kotu ranar Alhamis, da bakina, kwana ɗaya bayan an kwance ƙarfen. Abdulhafiz yana tsaye a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma ya rame, bai ɗago ba ko sau ɗaya.

An saki Celestine bayan ya yi wata guda da kwanaki. Idonsa na hagu ya tafi, kuma yana ɗingishi. Ranar da ya dawo gidan ya cika, ana waƙoƙin coci ana kuka. Da ya gan ni sai ya rungume ni. Washegari mahaifin Bahauddeen ya zo da kansa, ya zauna a falon nan, ya roƙe shi gafara a madadin waɗanda suka dake shi. Ya tambaye shi ko ɗansa ya samu yin salatin. Celestine ya ce ya yi, sau biyu, a kunnensa. Dattijon da bai yi hawaye ranar addu’ar bakwai ba ya rufe fuska da babbar riga. ’Yan uwan Celestine suna matsa masa ya tattara ya koma kudu. Ya ce bai san kowa a can ba, nan aka binne mahaifiyarsa.

Na samu ɗaki biyu a wata unguwar, nesa da Kwaciri, don abokan yaran ba su ƙare ba. Shekaranjiya na je da mota kwashe kayanmu. Ina fitar da katifa na ga Inna Tasalla a ƙofar gidanta tana tankaɗe. Ta tsufa, Yakaka, kamar an ƙara mata shekara goma, bayan nan bai miƙe ba. Na ji cewa danginta sun daina shiga gidan, wasu matan unguwa suna nuna ta da baki idan ta wuce. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba. Na ce na zo in yi godiya, kuma in nemi ta yafe min. Ta ci gaba da tankaɗenta har na gaji da durƙuso na tashi. Na kai bakin mota sai na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ba ka yi min laifi ba, Malam. Amma kada ka ƙara zuwa, ba na iya kallonka.”

Ba zan ƙara zuwa ba, tunda haka ta nema. Amma ke ba ta hana ki ba. Idan Allah ya kawo ku ranar Asabar, kafin ki ga sabon gidan, ina so ki sa direba ya tsaya a Kwaciri. Ki shiga da Ummi, ki zauna kusa da ita. Ko ta yi magana ko ba ta yi ba, ki zauna har la’asar. Ni zan jira ku a bakin titi.

Allah ya kawo ku lafiya. Ki gaida Hajiya da su Yaya, ki yi musu godiya a madadina.

Mijinki mai jiran ganinki,
Abdulnasir